Farin Mayafi a Tagar Hasanatu

Ranar da madarar jaririyarta Ulfa ta ƙare ƙaf, Hasanatu ta ɗaura farin mayafinta a sandar tsintsiya ta zura ta taga. Haka mutanen Cheras, unguwar da suke zaune a ƙasar waje, ke yi a kullen korona. Gidan da yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya kafa farar tuta, masu hali su kawo abinci.

Mijinta Sha'aibu, wanda aka rufe wa rumfar waya a kasuwar Chow Kit, ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Ke! Tona mana asiri za ki yi? Baƙi ne fa mu!"

"Baban Ulfa, yarinyar nan ruwan shinkafa take sha tun jiya."

Kafin la'asar sai ga mai kula da ginin, yana haki ta cikin takunkumi. Ya ce tutar ta 'yan ƙasa ce, baƙi su sauke, in ba haka ba mai gidan hayar zai ji labari.

Hasanatu ta ji zuciyarta ta tafasa. Ba wannan mutumin ba ne ran nan wani Ba'amurke, malamin Turanci a hawan ƙasa, ya ƙi sa takunkumi a gabansa, yana ihu wai Allah da 'yancinsa ya halicce shi? Me mai kula da ginin ya ce? "Boleh, boleh" kawai, wato "ba komai" a yarensu, har da matsa masa hanya! A kan ƙyallen hanci fa, jama'a.

Ta tuna wa mijinta. Sha'aibu ya rage murya. "Su Amurkawa halinsu ne, da shi ake haifarsu. Mu ba haka muke ba. Sauke kawai."

"Au! Su kaɗai Allah Ya yi wa rabon haƙƙi, mu muna bayan gida lokacin?" Ta sunkuci Ulfa ta miƙa ta saitin fuskar mutumin. "Ita wannan da bakinta aka haife ta. Wane fasfo ta nuna kafin ta fara jin yunwa? Wallahi ba zan sauke ba. Je ka kira mai gidan!"

Mutumin bai ji Hausa ba, amma ya gane sarai. Ya juya yana latsa waya.

Tsoro ya kama ta bayan ta rufe ƙofa, ba ƙarya. In aka kore su a wannan kullen, ina za su? Sha'aibu ya matso kusa da su. Ya tsaya yana kallon 'yarsa tana tsotsar kan bulumboti babu komai a ciki, har kukan ma ya daina fita. Sai ya shige ɗaki.

Ta ɗauka jaka zai haɗa. Can ta ji ƙarar taga. Ta leƙa, ta gan shi yana ɗaure farin kaftaninsa na Juma'a, wanda ko ita ba ya bari ta goge, a jikin ƙarfen labule.

"Naki ya yi ƙanƙanta," ya ce, bai waiwayo ba. "Daga titi ba a hangowa."