Kande da Hanyar Sule Tankarkar

Ni da Kande a kan hanya muka tsufa. Daddawa muke yi a Gumel, mu ɗora wa jakinta mu bi kasuwanni. Duk garin da mutum zai fita da asuba ya dawo ya kwana a ɗakinsa, ƙafarmu ta san shi. Maigatari muka fi zuwa, don kasuwarta ta Alhamis ba ta bari a dawo da kaya. Gagarawa kuwa sai mun ji ƙarfi a jikinmu. Amma in aka ce Sule Tankarkar, Kande kan riga zakara tashi, ta zo tana buga mini ƙyaure kamar gobara ta tashi.

A can aka aurar da Zinariya, 'yarta ta fari. Kowa ya san al'adarmu da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a idon mutane. Duk mun yi wannan kunyar, amma ta Kande ta yi yawa. Tunda aka kai yarinyar gidan mijinta Ilu, ba ta taɓa taka zaurensu ba. Sai dai ta kasa daddawarta a gindin tsamiyar da ke kallon rijiya, ta zauna tana jira. In Zinariya ta zo ɗiban ruwa ta durƙusa ta gaishe mu, Kande ta kau da kai ta amsa wa jaki. Ni ce mai tambayar lafiyar gida, ni ce mai tura ƙullin daddawa a zanenta.

Sai mun ɗauki hanyar gida bakinta ke buɗewa.

"Hannatu, kamar ta rame ko?"

"Wa?"

"Yarinyar mutanen nan."

"Au, ke makauniya ce ɗazu?"

Ta yi dariya ta zabga wa jaki tsumagiya, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shekarar da yaƙin Turawa ya ƙare, murar nan da ake kira marisuwa ta shigo ƙasa, tana kwantar da gida ɗungum. Wata rana da hantsi muna sussukar kalwa a tsakar gidan Kande, mata cike, sai Ɗantsoho mai kanwa ya yi sallama daga zaure. Daga Sule Tankarkar yake. Ya ce Zinariya na kwance, jikin ya yi zafi, ta ce a gaya wa Yaya ta zo. Yaya take ce wa uwarta.

Kande ta ajiye taɓarya. Ta dubi matan nan da suka zuba mata ido, ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Ai jibi kasuwarsu ce, ma biya."

Da suka watse na tare ta. "Ke Kande, kin haukace ne? Tashi mu tafi yanzu, kafin la'asar mun isa."

"So kike a ce na kwasa a guje don 'yar fari? Da wane ido zan dubi mutane?"

Na zage ta tas, ban rage komai ba. Ta wuni tana dakan garin kunu, ta nemo saiwoyi wajen wanzami, ta wanke sabon zanenta. Tuwon da na kai mata haka na dawo na same shi.

Ranar kasuwa ko daddawar ba mu ɗauka ba. Tun daga nesa muka hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, Ilu a tsakiya ya sunkuyar da kai. Tun jiya da yamma aka kai Zinariya makwancinta.

A ranar Kande ta fara shiga gidan. Safara'u, uwar Ilu, ta riƙe hannunta tana kuka.

"'Yar'uwa, ta neme ki. Da jikin ya tsananta sai da ta sa muka kwantar da ita a bakin ƙofa, wai ko ta ji shigowarku."

Kande ta ce, "Allah ya ji ƙanta," ta zauna a kan tabarma. Idonta a bushe har azahar. Ina jin tsofaffi suna raɗa a bayanmu, wai ga mace mai kunya, ko hawaye ba ta yi ba, irinta sun ƙare. Wallahi ji na yi kamar in tashi in watsa musu ruwan randa.

Ba a kwana gidan surukai, don haka muka juyo bayan azahar. Sai da gari ya ɓace a bayanmu ta saki igiyar jaki, ta zube a kan yashi. Bakinta a buɗe, kuka ya ƙi fitowa. Na durƙusa na rungume ta, ni ma zuciyata ta karye.

Can ta ɗago ta dube ni.

"Hannatu, kin ji sun yaba mini."