Jaridar Ranar Sha Huɗu ga Wata

Kun san irin wannan ɓoyon, kun kuma taɓa yin sa. An yi rasuwa, kuka haɗa baki kuka ce kada a gaya wa wane, yana nesa, ko ya tsufa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kuka kau da kai, kuka ce tausayi ne. To, ga abin da ya faru a Wheaton, wani gari a Amurka.

Umaima 'yar Maraɗi ce, tana karatun jinya, tana kuma kula da wani tsoho Bajamushe mai suna Alexander, ɗan shekara tamanin da tara. Shekara sittin ke nan da barinsa gida, amma bai taɓa daina karɓar jaridar garinsu ba. A can kullum take fitowa, a nan kuwa gidan waya kan kawo ta a ƙunshe, ta mako biyu lokaci guda. Shi kuma yana da doka: ɗaya a rana, bi da bi, ba tsallake.

"Ubana ne ke jera mata haruffan dalma a maɗaba'a a zamanin da," yakan ce. "Gida ɗaya ne ya riƙe ta tun kakanni, sai jikoki suka sayar wa wani kamfani mai jaridu ashirin. Yanzu labari ɗaya suke zuba wa kowane gari. Shafin rasuwa kaɗai ya rage namu. Mu tsofaffi kuma, mu kaɗai muka rage mata."

Da wannan shafin yake farawa kowace safiya, gilashin ƙara girma a hannu, yana bin sunayen da aka zagaye da baƙin layi.

Ranar da sabon ƙunshi ya iso, ɗansa Konrad, wanda ya ɗauke ta aiki, ya kira ta daga ofis.

"Ki zare ta ranar sha huɗu ki jefar. Irmgard ta rasu, ƙanwar Baba. Sanarwar tana ciki. Ki ce gidan waya ne suka ɓatar."

"Yallaɓai, ƙanwarsa fa ka ce."

"Na san wace ce. Likita ya ce a guji tayar masa da hankali. Idan aikin ya fi ƙarfinki, akwai masu nema."

Umaima ta tsaya a kicin da jaridar a hannu. Ba ta jin Jamusanci, amma ta gane sunan. Shekara uku da suka wuce mahaifiyarta ta rasu, 'yan gidansu suka yi wata huɗu suna ce mata Inna ta tafi ƙauye, babu layin waya, wai don ta gama jarabawa. Har turare ta saya mata a nan Amurka, alhali an daɗe da yin sadakar arba'in.

Ta mayar da jaridar wurinta cikin jeri. Saura kwana biyu tsohon ya kai gare ta. Sai ta ga ai kwana biyun ma ɓoyo ne, ta sake zaro ta, ta nufi falo.

"Baba, yau za ka karya dokarka."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke 'yar tawaye! Yau sha biyu muke."

"Na sani. Buɗe wannan. Ina nan, ba inda za ni."

Ya buɗe. Gilashin ya sauka kan shafin, ya tsaya. Ya karanta sanarwar har ƙarshe. Can ya ce, "Sun rubuta sunana cikin masu makoki. Dubi. Alexander, Amurka. Ina makoki ban sani ba." Ya share ido da bayan hannu. "Kawo takarda da alƙalami. Zan aika musu tawa sanarwar, su buga."

Tana neman alƙalamin wayar ta sake ƙara. Konrad ne.

"Kin jefar?"

"Ya karanta, yallaɓai. Yana zaune, yana numfashi, yana kuka kamar kowane ɗan'uwa. Idan kora ce, ka zo ka kore ni a gabansa. Amma ka fara yi masa ta'aziyya."

Ta kashe wayar, ta kai wa tsohon takardar.

Ku ma akwai wanda kuke ɓoye wa mamacinsa, kun san shi. Ku kira shi yau ku faɗa masa.