Hannun Lola Pacing

Tun daga bakin ƙofa Luzviminda ta san an tsegunta musu zuwanta. Gidan kula da tsofaffin nan na bayan garin Iloilo sai ƙamshin sabulu yake, an goge daɓe har yana ɗaukar ido. Wani munafuki a ofishinsu na jin daɗin jama'a ya buga waya ke nan. Ranta ya ɓaci tun ba ta ga komai ba.

Rodel ne ya kai ƙorafin, wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya ajiye mahaifiyarsa, Lola Pacing, a gidan. Ya ce a da, duk sanda suka yi wayar bidiyo sai ta ɗaga hannu ta sa masa albarka, yanzu kuwa fuskarta kawai ake nuna masa. Zarginsa ɗaure ta ake yi. In Luzviminda ta koma ba hujja, an binne maganar ke nan, tsohuwa ta ci gaba da zama a ɗaure.

Madam Vangie, mai gidan, ta tarbe ta da fara'a har kunne.

"Maraba, ƙanwata! Ai da mun san da zuwanki da mun yanka kaza."

"Ga ƙamshinta nan ina ji, Madam."

An jera tsofaffin a falo, an shafa musu hoda, kowa da riga mai dogon hannu da bargo a cinya, a wannan zafin da ko kare ba ya fita. Luzviminda ta bi su da tambaya. Abinci? Lafiya lau. Ana dukanku? Haba, 'yata! Ina tsohon da zai tona asirin mai ba shi shinkafa alhali tana tsaye a kansa? Lola Pacing ma murmushi kawai ta yi, hannuwanta a ƙarƙashin bargo.

Luzviminda ta cika ta yi fam. Har ta juya za ta fita sai kunya ta kama ta: fushi ya sa ta shigo ba ta gaida manya yadda aka koya mata ba, a kama hannun babba a ɗora a goshi. Ta dawo ta sunkuya gaban Lola Pacing.

"Lola, a sa mini albarka."

Madam ta shirya wa komai ban da wannan. Ba a taɓa yin tsohuwar da aka roƙi hannunta ta hana ba. Lola Pacing ta zaro shi, hannun riga ya zame. Wuyan hannun ya kumbura, shatin igiya ya zagaye shi, wani wurin ya bushe, wani yana ruwa.

"Faɗuwa take yi, shi ya sa muke ɗaure ta!" in ji Madam, tana borin kunya. "Ɗan nata da ke yawo a teku ya zo ya riƙe ta mana!"

"Akuya ya ba ki ajiya? Ki ji tsoron Allah, Madam! Ke ba za ki tsufa ba?"

Ta bi layin tana sunkuyawa, kowane tsoho yana miƙo hannu da albarkarsa, kusan kowane hannu da shatinsa. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya. Ta ɗauki hotuna, ta kira ofis ta ce a turo mota da likita yanzun nan, Lola Pacing ba za ta sake kwana a gidan ba.

Hayaniyar ta firgita tsohuwar. Ta jawo rigar Luzviminda, ta haɗa hannuwanta biyu, ɗaya kan ɗaya, ta miƙa mata.

"Ku daina faɗa saboda ni, 'yata. Ga shi, ɗaura. Ki dai sassauta na daman, da shi nake sa wa Rodel albarka."