Ranar Da Aka Baro Baba Wutsiya

Yaran sikawut Baba Wutsiya suke kirana, kuma ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya suka faɗa. Duk tafiyar da runduna za ta yi a ƙafa, ni ne a ƙarshen layi. Ni ke tsintar hular da ta faɗi, ni ke jiran mai ɗingishi, ni ke tisa ƙeyar wanda ya tsaya kallon ƙadangare. Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, a wani ɗan shago da in ka buɗe hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Aikin sikawut kuwa sa kai ne, ba mai biyan wani. Amma in ka tambaye ni ranar da nake da rai a cikin mako, Asabar ce. Sauran ranakun ina zaune tsakanin kawunan kekuna da warin man inji, tela ya leƙo ya ce "Ya gyaru?" ya ɗauka ya yi gaba. Tun da mai ɗakina ta rasu, aure kuma ya kai 'yata nesa, ba mai motsi a gidana sai ni da agogon bango.

To, gwiwa ta fara kawo ƙara, shekaruna kuma sun haura abin da dokar ƙungiya ta yarda. Kwamishina, wato mai kula da rundunonin yankinmu, ya zo har shago, ya zauna a kan akwatin kayan gyara yana ta kewaye-kewaye.

"Baba, ka yi mana ƙoƙari," ya ce. "Lokaci ya yi da za ka huta."

"Na ce maka na gaji?"

"Ba ka ce ba. Gwiwarka ce ta faɗa."

Ƙa'idarmu ita ce, ba a miƙa wa mutum runduna sai ya kai yara zango a daji ya dawo da su, shi kaɗai ke ba da umarni. Tsohon shugaba zai bi su, amma hannunsa a baya, bakinsa a rufe. In an dawo, Kwamishina zai tambaye shi magana ɗaya: a ba sabon shugaba usur ɗin runduna, ko kada a ba shi? In ya ce a ba shi, shi ke nan, tsoho ya koma gida. In ya ce da saura, sai zangon baɗi, tsoho kuma ya ci gaba da riƙe runduna har lokacin. Ka ga ke nan Asabar ɗina tana kan harshena.

Wanda za a gwada shi ne Dokta. Ba likita ba ne, a kantin magani yake aiki, yara ne suka ɗaga masa girma. A hannuna ya tashi. Ina tuna zangonsa na farko, yana ɗan mitsitsi, ya yi ta kuka wai tanti ba shi da ƙofar kullewa. Yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya, yana tashi daga aiki ya zo koyon shugabanci a wurina. Ni na koya masa komai, har da karatun da na fi nanatawa: kafin mota ta motsa a ƙirga yara, in an tsaya a ƙirga yara, in an tashi daga barci a ƙirga yara. Babba kuwa ya ƙirga kansa, ba raino aka zo yi masa ba.

Muka tafi da bas biyu, Dokta a ta gaba, Akawu a ta baya. Akawu ɗan sa kai ne shi ma, ma'aikacin ofishin ruwa, mutumin kirki amma da ya ji iskar mota sai barci.

Ban taɓa sanin riƙe hannu a baya aiki ne mai wuya ba sai a wannan zangon. Ina gani yaro ya kafa turken tanti a tsaye maimakon a karkace, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Kafin in yi tari, Dokta ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Ja igiyar mu gani." Yaro ya ja, turke ya tumɓuke, yaro ya gane da kansa. Da hadari ya haɗo, tuni ya sa an haƙa 'yar magudana kewaye da kowane tanti. Da wani ya yanke da wuƙa, ai nan faɗuwa ta zo daidai da zama, mai kantin magani ne. Na yi ta baza ido ina neman inda zai yi tuntuɓe, ban samu ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, haushi kuma na ji, duk a lokaci guda.

Yara ma suka daina zuwa wurina. Ranar farko sukan rugo, "Baba, wannan ƙullin fa?" in nuna musu Dokta da haɓa. Zuwa rana ta biyu sun gane hanya. Suna wuce ni kamar itacen da na jingina da shi.

Ranar tashi aka naɗe tantuna da hantsi, aka loda. Ɗan sikawut ba ya barin zango sai ya mai da wurin kamar ba a taɓa kwana a nan ba, kuma aikin ƙarshe shi ne cike ramin bahaya, can gangare bayan wasu itatuwa. Yaran da aka tura sun cike, amma na san halin yara da wannan aiki: a watsa ƙasa sama-sama a toshe hanci a gudu. Wannan ba umarni ba ne, na ce wa kaina, shara ce, shara kuwa aikin wutsiya ne. Na ɗauki shebur na gangara ban gaya wa kowa ba. Sabo turken wawa.

Na cike ramin sosai, na tattake, na jawo busassun ganye na rufe. Hawowa ce ta ba ni wuya. Gwiwar ta ƙi, sai da na mai da shebur sanda, ina hawa ina hutawa. A tsakiyar gangaren na ji usur, na ji yara suna amsa lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce madalla, yana ƙirga. Sai na ji ƙarar mota. Ban ko ɗaga ƙafa ba, don a iya zamana a rundunar nan mota ba ta taɓa tashi ba ni ba. Abin da na manta shi ne, da can ni ke busa usur ɗin.

Na fito fili. Wayam.

Wallahi sun share wurin da kyau. Ko tokar murhu babu, ko guntun igiya. Sai sawun taya a kan ciyawa. Na tsaya da shebur a hannu, sai dariya ta kama ni. Lissafin a fili yake: Dokta ya ɗauka ina bas ɗin Akawu, Akawu ya ɗauka ina ta Dokta, in ma ya farka ke nan. Yara sun cika, babba ya ƙirga kansa.

Wayata tana aljihu, kuma in ka hau wani dutse da ke gefe ana samun sabis. Na hau, na zauna, amma ban kira ba. Na ce bari in gani. Yanzu wani yaro zai waiwaya ya ce, "Ina Baba?" Yanzu za a yi ribas. Na zuba wa hanya ido har inuwar dutsen ta bar ƙafata ta koma ɗaya gefen. Na san inda za su tsaya shan ruwa, na san a nan ma zai sake ƙirgawa. Na ce to, a can za a tuna. Wayar nan ko tari ba ta yi ba.

A nan dariyar ta ƙare. Na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko ranar da aka watse daga zaman makokin matata, don a ranar na san Asabar tana zuwa.

Sai kuma wani tunani ya faɗo mini, na ce abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Shugaba ya baro mutum a daji! Ba sai na ƙara gishiri ba. In faɗa wa Kwamishina yadda aka yi kawai, ko shi bai isa ya ce a ba Dokta usur ba. Shekara guda cur ta dawo hannuna, kuma ba ƙarya na yi ba. Na sauko daga dutsen da wannan a raina, har gwiwar na ji ta yi sauƙi.

Na dogara shebur har bakin kwalta. Motoci suka yi ta wucewa, sai wata tifar yashi ta tsaya. Direban ya dube ni sama da ƙasa, tsoho da gajeren wando da ƙyalle a wuya.

"Baba, yaƙi aka yi, kai kaɗai ka tsira?"

"Ni kaɗai aka manta."

"Hau mu je. Ni ma sai tifa ta lalace ake tunawa da ni."

Ya sauke ni a bakin makarantar firamaren da muke aron ɗaki ɗaya muna ajiye kaya, rana ta yi sanyi. Ban san dalili ba, na jingine shebur a bayan ginshiƙin get kafin in shiga.

Iyaye sun zo ɗaukar 'ya'yansu, fili ya cika da hayaniya. An baza tantuna a kan katanga suna shan iska, an kife tukwane a jere. Dokta yana tsaye a ƙofar ɗakin kaya, ba ya sakin yaro sai ya ga wanda ya zo ɗaukarsa ido da ido. Muryarsa ta dushe, idonsa ya yi ja, igiya ta goge masa tafin hannu. Ya hango ni ya saki fuska.

"Yauwa Baba, ina ka shiga? Kwamishina yana ta jira. Na ce masa ƙila ka zaga ne."

Akawu ya wuce da tukunya a ka, ya ce, "Baba, motar gaba ta fi tamu gudu, ko?" Bai ma tsaya jin amsa ba.

A nan na gane. Ba wanda ya sani. Ba ɓoyewa suke yi ba, ba kunya suke ji ba. Ba su sani ba ne kawai.

Kwamishina ya taso daga kan benci, usur ɗin runduna a hannunsa. Iyaye da yaran da suka rage suka matso.

"To, Baba, ka gani da idonka. A ba shi?"

Maganar tana bakina, na ma shirya yadda zan fara ta. Na dubi Dokta. Ya haɗe hannu a baya kamar yadda yake yi yana yaro in ana duba tsaftar farce. Na nemi abu ɗaya da ya yi wanda ba ni na koya masa ba, ban samu ba. Har barina da ya yi, karatuna ya biya. In na kayar da shi a kan wannan, wa na kayar? Kuma yaran nan shugaba mai gwiwa suke bukata, ba mai neman inda zai kashe Asabar ba.

"Ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya," na ce. "A ba shi."

Aka yi tafi. Dokta ya durƙusa ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ban gaya masa ba, don na san shi: da ya ji, da ƙafarsa zai je ya mayar wa Kwamishina usur. Sai dai na ja shi gefe na ce, "Nan gaba ka riƙa haɗawa da manya in kana ƙirga."

Ya yi dariya. "Haba Baba, wa zai manta da babba?"

Da zan fita na ga shebur a bayan ginshiƙi. Ɗakin kaya yana nan a buɗe, taku kaɗan ne. Na saɓa shi a kafaɗa na tafi da shi gida. Gara in faɗi gaskiya: dalilin zuwa nake nema. Ranar Asabar sai in kawo shi, in ce ya biyo ni ne bisa kuskure, tun da na zo kuma sai in ɗan zauna a gefe in ga yadda ake yi. Na wanke shi, na goga masa man keke, na jingine shi a bayan ƙofar shago.

Ranar Laraba ina kwance wani tsohon kan keke wayata ta yi ƙara. Dokta ne. Na goge hannu da sauri har sukudireba ta faɗi.

"Baba, barka da aiki. Ya gwiwar?"

"Da sauƙi. Ya runduna?"

"Lafiya lau. Sai dai wani abu ya hana ni sukuni. Na duba kayanmu kaf, shebur ɗaya babu. Ina jin a zango muka baro shi." Ya yi ajiyar zuciya. "Wallahi abin ya dame ni, Baba. Fitata ta farko, a ce na baro abu a daji ban ankara ba."

Na dubi shebur ɗin a bayan ƙofa, yana ta ƙyalli.

"Kwantar da hankalinka," na ce. "Yana wurina. Zan kawo maka ranar Asabar."

"Alhamdu lillahi! A'a, Baba, kada ka wahalar da ƙafarka. Ka huta abinka. Gobe in na tashi daga kanti zan biyo in karɓa."

Na ce to. Ya yi godiya, ya kashe wayar.

Washegari ya zo a kan babur, ko injin bai kashe ba, don yana sauri zai ɗauko 'yarsa daga makaranta. Na miƙa masa shebur ta ƙofar shago. Ya juya shi yana murna, ya ce bai taɓa ganinsa da tsafta haka ba, ya ɗaure shi a bayan babur da ƙulli mai kyau, ya ja ya tabbatar ba zai faɗi a hanya ba.