Hancin Ba Mala

A garejojin da ke bayan tashar Mirriya, cikin Damagaram, babu wanda bai san hancin Ba Mala ba. Ba don girmansa ba, duk da cewa Allah bai yi masa rowa ta wannan wajen ba. Aikin hancin ne ya yi suna. Man giya a nan ba ya zuwa da takarda. Daga duro ake ɗura shi a bido, wato jarka, bidon kuwa jiya na man girki ne. Man iri biyu ne, amma a ido duk ɗaya suke, launin zuma, kauri ɗaya. Akwai mai ƙarfin wari, irin warin farar wuta, shi ne na fon, wato ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun mota, inda haƙora ke cizon juna da nauyin kaya a kansu. Akwai kuma mai sanyin wari, na buwat, akwatin giya ke nan, da taransifer mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Wanda ya juya su ya yi ɓarna biyu. Mai warin zai dinga cin zobban tagulla na cikin buwat a hankali, mai sanyin kuma ba zai iya kare haƙoran fon ba, sai su ɗau zafi su cinye juna. Shekara talatin da bakwai Ba Mala yana raba su da shaƙa ɗaya, har makanikan wasu unguwanni kan aiko masa da murfin bido ya shinshina musu.

Abin da babu wanda ya sani shi ne hancin ya mutu. Da damina wata muguwar mura ta kwantar da shi kwana tara. Murar ta tafi, ta tafi da jin wari da ƙamshi gaba ɗaya. Ya jira mako, ya jira wata, shiru. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Fanta. Abin da ya rufa masa asiri shi ne ragowar man da yake da shi a gareji, wanda tun da can ya ɗaura wa bidon na fon jan zare. Ya dai ci gaba da kai murfi hanci a gaban jama'a, yana lumshe ido yana gyaɗa kai, alhali zaren yake kallo ta gefen ido. A makon da ake fara cirar gyaɗa man ya ƙare.

Ranar Asabar da hantsi Nomau ya iso. Manomi ne daga Gaffati, shi ke tuƙa tsohuwar kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, da mutanen ƙauyensu suka haɗa hannu suka saya don kai amfanin gona kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, yana ji da motar kamar yadda ubansa ya ji da saniyar noma.

"Ba Mala, gobe kasuwar Mirriya," in ji shi bayan sun gaisa. "Gyaɗar gida goma sha ɗaya ke jira na, ga hanyarmu ka san ta, rairayi ne zalla. A juye mata mai duka, buwat da taransifer da fon biyun. Ban yarda kowa ya taɓa ta ba sai kai."

Ba Mala ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance kusoshin ramukan mai, tsohon mai ya zubo baƙi ƙirin. Yana fitowa sai ga Tahiru mai sayar da mai a kan babur, da bido biyu ɗaure a baya. Tahiru Bafillace ne, Ba Mala kuwa Babarbare, don haka wasa ne tsakaninsu tun daga kakanni, kuma Tahiru bai taɓa barin nasa kason ya kwana ba.

"Babarbare, ga furarka na kawo," ya ce yana sauke su.

"Wanne ne wanne?" Ba Mala ya tambaya, yana ƙoƙarin maganar ta fito kamar ba komai.

Tahiru ya tuntsire da dariya. "Yau kuma ni ake tambaya? Wallahi tun da na ɗaure su na manta. Me zai sa in wahalar da kaina alhali ga hanci nan kamar mazurari? Shaƙa mana, mu ga aiki."

Ba Mala ya buɗe na farko, ya kai murfin hanci, ya ja numfashi. Babu komai. Ya buɗe na biyu. Kamar yana shinshina ruwan randa. Ya tsoma yatsa ya murza, ya ɗaga wa rana, duka biyun santsi ɗaya, launi ɗaya. Nomau na zaune a inuwar bishiyar bedi ya zuba masa ido da irin yardar da ta fi zagi zafi ga wanda ya san ba ya da gaskiya.

Zuciyarsa ta ce ya canka kawai. Ai biyu ne, ko ya dace ko ya kuskure. In ma ya kuskure, buwat ba za ta nuna ba sai bayan watanni, fon kuma in ya yi kuka a hanya za a ce tsufa ne, mota ce da ta girmi direbanta. Sunansa zai tsira. Sai dai ya hango motar tsaye a tsakiyar rairayi da buhuna a kanta, mutanen gida goma sha ɗaya na tsaye suna kallon Nomau, Nomau kuma yana rantse musu cewa Ba Mala da kansa ya zuba man. Nan ya ji kunya ta kama shi tun bai aikata ba. Amma ya buɗe baki a gaban Tahiru ya ce hancina ya mutu? Wannan ma ya gagara.

"A bari tsohon man ya gama tsiyayewa," ya ce. "Sai bayan Azahar."

Ya faki idonsu ya ɗebi kaɗan daga kowane bido a ƴan kwalabe biyu, ya ɗaura tsumma a wuyan kwalba ɗaya da hannun bidonta, ya sa a aljihu ya nufi gida a unguwar Birni. Shi kansa bai san me yake fata ba. Wataƙila in babu ido a kansa hancin zai ji tausayinsa.

Ya tarar da Fanta a tsakar gida tana aikin da ta gada wajen uwarta, haɗa turaren wuta. Ga itatuwa a faranti, ga farcen turare, ga kwalaben humra jere a tabarma. Amaren Damagaram da yawa da turarenta aka kai su ɗaki. Ya wuce zaure, ya zauna ya buɗe kwalabensa, yana shaƙa har kansa ya fara juyawa. Bai ji shigowarta ba.

"Malam, wannan warin ruɓaɓɓen ƙwan da ka shigo mini da shi zai ɓata mini haɗi."

Ya ɗago da sauri. "Wanne?"

Ta dube shi, ta dubi kwalaben. Ba ta ko sunkuya sosai ba ta nuna mai tsumma. "Wannan. Ɗayan ai lafiyarsa lau, kamar man gyaɗar da ya kwana biyu."

Ya juya kwalbar a hannunsa. Can ya ce, "Fanta, hancina..."

"Na sani," ta ce, ta zauna a bakin tabarma. "Tun ranar da tuwo ya kama mini a tukunya, ƙauri ya cika gida, ka cinye har kana neman ƙari. Kai da in albasa ta wuce minti ɗaya a wuta sai ka yi magana daga zaure."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ciwon naka ne. Na ce in ka ga dama ka kawo shi." Ta miƙa masa murfin kwalbar. "Amma na motar mutane ba naka ba ne, Malam. Yau na raba maka, gobe fa? Ko za ka kafa mini rumfa a gareji?"

Ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi kuwa yau wata uku yana wanka da riga.

Bayan Azahar ya koma. Ya zuba mai warin a fon na gaba da na baya, ya zuba mai sanyin a buwat da taransifer, kowanne sai da ya kawo bakin rami kafin ya ɗaure. Ya fito ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda hannun ke buƙata.

"Nomau, man da ke cikin motarka daidai ne, amma ba ni na zaɓa ba. Maiɗakina ce ta raba su. Ni tun damina ba na jin wari, ko na mushe ne." Ya juya wajen Tahiru. "Kai kuma daga yau ka sa fenti a durukanka, ka rubuta a kowane bido. Mazurarin ya toshe."

Ya tsaya yana jiran dariyar. Tahiru bai yi dariya ba. Ya sosa ƙeya, ya ce a hankali, "Allah ya ba da lafiya, Ba Mala. Ka je asibiti wajen lokotoro dai." A shekara ashirin da sanin juna, ranar ce ta farko da ya kira shi da sunansa, abin kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Nomau ya tayar da mota, ya saurari ƙararta, sannan ya leƙo ta taga. "Bayan kaka zan dawo da ita. A gaida Ya Fanta, a ce mun gode."

La'asar sakaliya Ba Mala ya shiga gida, jikinsa a sake kamar wanda ya sauke buhu. Fanta ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo kasko da garwashi ta ajiye kusa da shi, ta barbaɗa turare. Ya bi hayaƙin da ido yana tashi. Sai yanzu ya lura cewa kwanan nan kullum da yamma haka take yi, kuma ba daga cikin na sayarwa take ɗiba ba, daga wata ƴar tsohuwar kwalba ce.

"Wannan wanne ne?"

"Irin wanda aka kawo ni da shi gidan nan," ta ce, ba ta dube shi ba. "Kai ka ce ko a cikin kasuwa ka ji shi za ka gane. Tun damina nake sa maka shi, ko zai taso da hancin."

Wata uku yana kukan man giya, bai taɓa tunanin abin da ya rasa a cikin gidansa ba. Idonsa ya cika, bai kuma ɗora wa hayaƙi laifi ba. Ya matso kusa da kaskon, ya ja numfashi har ƙirji, bai ji komai ba.

"To faɗa mini yadda yake," ya ce.

Fanta ta gyara zama, ta ƙara garwashi, ta fara daga itacen farko.