Keken Ranar Biyanu

"Ban ce ba ya iya tafiya ba, Ramatou. Cewa na yi ya zauna, na ɗan lokaci kawai."

Mushe Idrissa, wato Malam Idrissa, yana maganar yana riƙe da keken guragu sabo fil, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba. Shi ne shugaban ƙungiyar da ke kula da waɗanda suka bugu a ka, shi kuma ya shirya wannan kermes, wato taron tara gudummawa, ta ranar bikin Biyanu a filin lekol, makarantar unguwa. Burinsa a tara abin da za a ɗauko kine daga Yamai, wato mai gyaran motsin jiki, ya zo ya zauna Agadas.

Ramatou ba ta dubi keken ba. Mijinta take kallo. Alkasum na zaune kan benci a inuwar bayan aji, cikin babbar riga shuɗiya da ta karɓo wajen tela jiya, abokansa sun naɗa masa rawani irin na samarin Biyanu. Ya yi kyau har ƙirjinta na mata zafi.

Damina biyu ke nan da ya faɗo daga saman kamiyon, babbar motar ɗaukar albasa, a hanyar Tabelot. Da ya farka a asibiti bai san sunanta ba. Gwaggonninta sun kira ta gefe, suka ce ita yarinya ce, Allah ma ba zai kama ta da laifi ba in ta nemi hanyarta. Ta ƙi. Ta dawo da shi gida, ta koya masa tashi, ta koya masa bin katangar tsakar gida yana dafawa, har yaɓen wurin ya yi sulɓi daidai tsayin tafinsa. Daga ƙofar ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa zaure, a watan jiya kuwa har masallaci ya je shi kaɗai.

Mushe Idrissa ya sassauta murya ya yi mata bayani. Ya ce rauni a ka ba irin karaya ba ne, ido ba ya ganinsa, mutane kuwa abin da ido ya gani suke bai wa. In Alkasum ya shigo da ƙafarsa cikin wannan riga, za su ce alhamdulillahi ya warke, su sayi cuku da dabino su bi ganga. Bara haka aka yi, aka tashi da abin da bai kai kuɗin motar kine ba. Maƙera sun ba da kayan azurfa a yi gwanjo, matan Tabelot sun aiko da buhuna, amma duk wannan sai zuciyar mai saye ta motsa tukuna.

"Wato mu yi wa mutane ƙarya, Mushe?"

"Ƙarya ce in na ce yana bukatar taimako?" Ya gyara gilashinsa. "Bon. Kin san yadda ganga take yi masa. In jiri ya kwashe shi a gaban jama'a fa?"

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Ƙarar ganga takan juya masa ƙasa da sama. Daga bayan katanga kuwa ga ta nan tana matsowa, ga guɗar mata, ga wani yana gwada mikro.

Akwai abin da ba ta faɗa wa Mushe ba, ba ta ma gama faɗa wa kanta ba. Gwaggonninta suna layin gaba, ta ga mayafansu tun ɗazu. Ta daɗe tana ganin wannan rana a ranta: shi ya ratsa filin hannu sake, kai a miƙe, ita tana baya, ba za ta ce da kowa uffan ba. Yadda wasu ke jiran ranar aurensu, haka ta jira yau.

Suka ci gaba, shi ya kawo tasa ita ta kawo tata, duk a saman kan Alkasum, kamar ana cinikin raƙumi. Sai suka ji ƙwas ƙwas. Alkasum ne yake buga zobensa a jikin bencin.

Magana takan yi masa nauyi tun bayan faɗuwar. Ya buɗe baki, leɓensa na rawa. Ramatou ta sunkuyo za ta ƙarasa masa kamar yadda ta saba, ya ɗora hannu a wuyan hannunta ya matse a hankali. Ta ƙyale shi. Rabon da ta bar shi ya kai ƙarshen zance da kansa, ita kanta ba ta tuna ba, kunyar hakan ta hau mata fuska.

"Saidou," in ji shi.

Saidou ɗan kabu-kabu ne da gadonsa ke kusa da na Alkasum a asibiti. Shi bai tashi ba har yau. Uwarsa Indo ta ajiye shi a ƙuryar ɗaki, don maƙwabta sun fara cewa iska ce ta taɓa shi, kuma ba ta da abin da za ta fito da shi ko da ta so. Gidansu lungu biyu ne daga nan, yana jin gangar Biyanu ta cikin bango.

Alkasum ya miƙe. Ya ɗan yi layi, Ramatou ta danne hannunta a cinya don kada ta tare shi. Ya taka zuwa keken, ya zagaya bayansa, ya kama hannuwan biyu. Layin da yake yi ya lafa.

"Shi... ya hau. Ni in tura."

Mushe Idrissa ya duba agogo. Ya ce baƙi sun zauna, an kusa buɗe taro, kuma sau uku yana zuwa wajen Indo tana sallamarsa daga zaure. Amma muryarsa ba ta da ƙarfin ɗazu.

Ramatou ta tsaya tana kallon mijinta a bayan keken. Ta gane abin da zai faru. Ba wanda zai ga Alkasum yana tafiya hannu sake. Ido duka kan Saidou zai sauka, gwaggonninta kuma za su ce ai keken ne ya riƙe shi. Ranar da ta yi ta ɗinkawa a ranta ta warware a tsaye. Hawaye ya zo mata, ta bar shi ya sauko.

"Baban Sadiya," ta ce wa mijinta ƙasa ƙasa, "na so su gan ka."

Ya dube ta, irin duban da yake mata a kantin albasa kafin a san za su yi aure. Ya daɗe yana neman kalmar, wannan karon ta jira.

"Ke... kin gani."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara masa bakin rawanin da ya zamo, ta juya.

"Mushe, ku fara gwanjon, ku ce masu ganga su dakata a bakin ƙofa. Za mu je mu ɗauko Saidou. Indo kuwa ku bar ni da ita, ni zan shiga."