Sandar Tanko

Duk Ikara an san Tanko makaho ne, amma ba wanda ya taɓa ganin an ja masa sanda. Agana ce ta cinye masa idanu tun yana yaro. Kullum da hantsi yakan fito shi kaɗai, ya dafa katangar masallaci, ya bi ta har ta ƙare. Da ya ji warin majema sai ya juya dama, sai ga shi a shagon ƙanensa Uwaisu. A dakalin ƙofa yake zama yana tufka igiyar rama, Uwaisu na ciki yana auna gishiri da kananzir. Wanda duk ya yi karambanin kama masa hannu, ranar sai ya sha faɗa.

"Ni ba bara na fito ba," yakan ce. "Wurin aiki za ni."

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba sai ga masu awon hanya, suka shafa wa bangon shagon jan fenti. Hanyar mota za ta ratsa tsohuwar kasuwa, kowa ya koma sabuwa can bayan gari, inda aka jera rumfunan kwano. Kwashe kaya bai dami Uwaisu ba, wannan aikin jakuna ne. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, daga unguwarsu zuwa can fili ne fetal, ba katanga, ba bishiya, ba abin da hannu zai dafa.

Da dabara ta zo masa, sai ya tattara igiyoyin da Tanko ya tufka na sayarwa, ya ƙuƙƙulla su, ya kafa turaku tun daga ƙofar gida har bakin rumfa. Mutane suka yi ta tsokanarsa wai zai ɗaure garin ne kada ya gudu. Tanko ya shafa igiyar, ya gane tufkarsa, ya yi murmushi. Ya soma binta kuwa, yana tafe yana amsa gaisuwa da ƙarfi don kowa ya san shi kaɗai ne. Uwaisu ya ji sanyi a ransa ƙwarai.

Igiyar ba ta daɗe ba. Wata safiya, bayan Uwaisu ya wuce kasuwa, katafila ta zo share filin ta tafi da turakun, ba don mugunta ba, direban ma bai lura ba. Uwaisu ya jira har rana ta take, bai ga yayansa ba. Ya rufe rumfa ya fita nema.

A tsohon wurin ya same shi. Ashe da Tanko ya lalubi igiya ya rasa, ƙafafunsa suka kama hanyar da suka sani. Ga shi tsaye a tsakiyar jar hanya, yana ta kai sanda nan da can, wata babbar mota na danna masa ƙaho.

"Yaya, ni ne."

"Uwaisu, ina dakalin?"

"Sun rushe shi, Yaya."

"Majemar fa? Ban ji warinta ba."

"Su ma an tashe su."

Tanko ya ɗaga sandar, ya miƙo ƙarshenta.

"To, kama."

Uwaisu ya kama, hawaye na zubo masa, yana danne numfashi don kada yayan ya ji. Haka suka ratsa gari, shi a gaba, Tanko a baya. 'Yan gari suka riƙa kau da kai don kunya.

A bakin sabuwar kasuwa wata baƙuwa, da ba ta san su ba, ta sauke tallarta, ta danƙa wa Tanko kwabo a hannu, ta ce a sa ta a addu'a. Uwaisu ya tsaya cik yana jiran faɗan da ya saba ji, har yana fatan ya ji shi.

"Allah ya karɓa," in ji Tanko a hankali. Ya jefa kwabon a aljihu. "Mu je, Uwaisu."